Yadda Na Karanta Soshiyoloji A Ƙaramar Jami'a, Daga Fom Ɗin JAMB Zuwa Hidimar Ƙasa

Ni dai ban taɓa cewa zan karanta Soshiyoloji ba, ban ma san da shi ba. Lokacin da na sayi fom ɗin JAMB a farkon 2019, aikin lauya na cike, a wata babbar jami'a da kowane uba a garinmu ke so a ce ɗansa yana can. Naira 4,700 na kashe ran nan: 3,500 kuɗin fom, 500 na littafin da ake haɗawa da shi, 700 na cibiyar kwamfutar da ta yi min rajista. A watan Afrilu muka zana jarrabawa, na ci 214 cikin 400. Inna har guɗa ta yi, ni kuwa ina ta hura hanci, sai da wani malaminmu na sakandare ya zaunar da ni ya ce wannan makin ba ya kai mutum ajin lauyoyi a inda na nema, kuma in na tsaya taurin kai shekarar za ta wuce ni a gida. Shi ya ba ni shawarar in canza makaranta. Na biya 2,500, na koma ɗaya daga cikin ƙananan jami'o'in da gwamnatin tarayya ta kafa a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, na zaɓi Kimiyyar Siyasa. Abin da ya kusa kayar da ni tun a nan shi ne lissafi. A WAEC D7 na samu, kuma tsangayar kimiyyar zamantakewa tana son kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Allah Ya taimake ni ina da C6 a NECO, aka haɗa min zama biyu. Sai dai ban san dole ne a ɗora sakamakon biyun a shafin JAMB ba, na WAEC kaɗai na ɗora. Sai ranar tantancewa wata ma'aikaciya ta duba ta ce, "Kai, ina ɗaya takardar?" Na koma cibiyar kwamfuta aka gyara.

Daga nan sai jira. Kullum da yamma in ari wayar yayana in buɗe shafin CAPS, inda ake ganin ko an ba mutum gurbi, kullum yana nuna ana kan aiki. Abokaina biyu suka samu, ni shiru. Na yi sati uku a haka, har na fara tunanin komawa kasuwa wurin Baba gaba ɗaya. Ranar da na shiga kafe don buga wata takarda daban, mai shagon ya ce in ba shi lambata ya duba. Bai yi minti biyu ba ya juyo da kwamfutar ya nuna min wani ɗan akwati a gefe da ban taɓa dannawa ba. Ashe tuni jami'ar ta nemi mayar da ni daga Kimiyyar Siyasa zuwa Soshiyoloji saboda can ya cika, amincewata kawai ake jira. Na ce masa, "Shi kuma wane kwas ne wannan?" Ya ce, "Kai dai karɓa, in ka shiga ka canza." Na danna. Bayan kwana biyar gurbin ya fito, na sake dannawa na karɓa, na buga takardar shiga ta JAMB mai ɗauke da sunan Soshiyoloji. Wannan takardar ita ta cece ni bayan shekara biyar, zan zo kanta. Da daddare na gaya wa Baba. Ya ce, "In ka gama me za ka zama?" Na ce ilimin zaman jama'a ne. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Zaman jama'a kuma sai an je jami'a? To, Allah Ya sa albarka."

A watan Janairun 2020 na tafi rajista da jakar baya da buhun garin kwaki. Takardun da aka nema su ne takardar shiga ta JAMB da ta jami'a, takardar makin JAMB, sakamakon WAEC da NECO, shaidar gama firamare, shaidar gama sakandare, takardar haihuwa, takardar asalin ƙaramar hukuma, da hotuna ƙanana goma sha biyu. Kowace takarda asalinta da kofe huɗu, don kowane ofis fayil ɗinsa daban. Ranar farko a layin tantancewa ta ƙare, daga ƙarfe bakwai na safe har la'asar, azahar ma sai da na bar wa na bayana amanar wurina na je na yi salla. Rana ta biyu na fitar da lambar biya ta Remita, wato shafin da ake biyan kuɗin gwamnati ta cikinsa, na kai banki cikin gari. Kuɗin makaranta a lokacin bai kai dubu hamsin ba har da kuɗin karɓar gurbi, amma kuɗin kofe da fayil da gwajin asibiti da mashin sun lashe kusan dubu goma ban ankara ba. Rana ta uku ofishin kuɗi suka buga hatimi a rasit, asibitin makaranta suka duba jini da ido, sannan aka ba ni lambar ɗalibi. Sai rana ta biyar na ga sashenmu da idona: ofis huɗu a jere da ɗakin lakca biyu. A barandar nan na haɗu da wani ɗan aji huɗu, ya ga ina ninke rasit ina cusawa a aljihun wando, ya ce, "Ƙanena, sayi fayil na roba ka zuba komai. Ko takardar da aka goge hannu da ita aka ba ka a makarantar nan, ajiye ta." Naira 300 na sayi fayil ɗin. Cikin duk kuɗin da na kashe a jami'a babu wanda ya biya ni kamar wannan.

Fom ɗin kwasa-kwasai shi ne abin da sababbin ɗalibai suka fi rainawa. A intanet ake cikewa, a buga, kodinatan aji ya sa hannu, shugaban sashe ya sa, a kai tsangaya. Kowane kwas yana da nauyinsa, yawanci biyu ko uku, kuma a zango ɗaya ba a yi ƙasa da 15, ba a wuce 24. Duk kwas ɗin da ba ya cikin fom ɗinka, ko ka zana jarrabawarsa ka cinye duka, a banza. A aji ɗaya mun yi gabatarwa ga Soshiyoloji, nazarin al'adun ɗan Adam, ilimin halayyar ɗan Adam, ɗan tattalin arziki da siyasa, sai kwasa-kwasan gama-gari na Turanci da amfani da laburare. Mu tamanin da wani abu ne a ajin. Ba mu yi wata uku ba cutar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, malaman jami'o'i kuma suka shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. Na koma rumfar Baba ina auna shinkafa da gero. A farkon 2021 muka dawo, aka dunƙule abin da ya saura cikin makonni kaɗan, muka yi jarrabawa. Maganar canza kwas da mai kafe ya yi min kuwa, na je na tambaya, aka ce sai an gama aji ɗaya da maki mai kyau, kuma sai sashen da za ka je yana da wuri. Kafin lokacin ya zo na fasa da kaina.

Abin da ya sa na fasa wata lakca ce a aji biyu. Malaminmu na tarihin tunanin zamantakewa yana bayanin Emile Durkheim na Faransa, wanda a 1897 ya tattara alƙaluman masu kashe kansu a ƙasashen Turai, ya nuna cewa abin da kowa ke ɗauka matsalar mutum ɗaya ce yana hawa da sauka gwargwadon yadda jama'a suke riƙe da juna. Daga nan ya gangaro kan abin da Karl Marx da Max Weber suka ce game da addini. Wani abokinmu ustazu ya miƙe ransa a ɓace ya ce, "Malam, wannan karatun ba zai taɓa mana imani ba kuwa?" Ajin ya yi tsit. Malam bai yi fushi ba. Ya ce, "Zauna, Malam. A nan ba ma yanke hukunci kan gaskiyar addinin kowa. Muna duba yadda mutane ke zaune da shi ne. Me ya sa masallacin kasuwa ya fi cika ranar da kasuwa ke ci? Wa ke zama a sahun gaba ranar ɗaurin aure, kuma wa ya ce masa ya zauna can?" Sannan ya rubuta Ibn Khaldun a allo, ya ce an haife shi a Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya yi bayanin asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan jama'a da yadda yake ɗaga daula yake kuma kayar da ita idan ya yi rauni, tun kusan shekara ɗari biyar kafin Auguste Comte ya raɗa wa fannin suna. A ranar na fara kallon rumfar Baba da wani ido: wa ake ba bashi ba rubutu, wa ba a ba, me ya sa. Daga baya muka karanta abin da Peter Ekeh ya rubuta a 1975 kan yadda ɗan Afirka ke tsoron taɓa kuɗin ƙungiyar garinsu amma bai ɗauki cin kuɗin gwamnati a bakin komai ba, da binciken Polly Hill a Batagarawa ta jihar Katsina, da na Abner Cohen kan Hausawan Sabo a Ibadan da fataucin goro da shanu. Kofe ɗaya-ɗaya ne a laburare, wasu ma a wurin malamai muke ara mu yi hoto. A nan ƙanƙantar makaranta ta yi mana rana, don malami ya san sunanka, za ka iya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ba ka littafinsa na kansa.

Inda na sha ƙasa shi ne lissafin ƙididdiga. Na shigo da tunanin cewa na rabu da lissafi har abada, Soshiyoloji ai surutu ne da rubutu. Sai ga kwas mai nauyi uku cike da dabarun sarrafa alƙaluma, irin su matsakaici da karkata da gwajin kai-sikwaya. Lakcar ƙarfe bakwai ce ta safe, na riƙa tsallakewa, tes ɗin da ke da maki 30 ma ban shirya masa ba. Ana cikin haka aka sake shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, wata takwas cur, ɗan abin da na haddace ya bi iska. Sakamako ya fito na ci 36, wato F. Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba: 70 zuwa sama A ne mai maki 5, B daga 60 maki 4, C daga 50 maki 3, D daga 45 maki 2, E daga 40 maki 1, ƙasa da haka sifili. Ana ninka makin da nauyin kwas, a tara, a raba da jimillar nauyin duk abin da ka yi wa rajista. Sifilin nan ba ya gogewa ko ka sake kwas ɗin ka ci A, yana nan cikin lissafi har ka fita. Matsakaicin makina ya sauko daga 3.62 zuwa 3.38 cikin 5. A aji uku na ɗauki kariyoba, wato na maimaita kwas ɗin, na zauna da ƙannena 'yan aji biyu, da kunya da komai, na nemi wata 'yar sashen lissafi tana koya mana mu huɗu a ƙarƙashin bishiyar darbejiya bayan la'asar. Na ci B. Da tun farko na yi haka da ba a kai nan ba. Aji ukun dai shi ne mafi nauyi, ga ka'idoji, ga hanyoyin bincike, ga nazarin laifuka da na birane da na iyali, ga kuma aljihu ya bushe, don shekarar ce aka yi ƙarancin takardun naira, aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu, kuɗin mota zuwa gida ya ninka, kuɗin makaranta ma aka ƙara.

A farkon aji huɗu kodinatanmu ya kira mu ɗaya bayan ɗaya ya buɗe wa kowa tarihin sakamakonsa tun daga aji ɗaya. Da ya zo kaina sai ya ce, "Ba ka da sakamako a kwas ɗin laburare na zango na biyu." Gabana ya faɗi. Na ce, "Wallahi Malam na zana." Ya ce rantsuwa ba ta shiga fayil, in kawo shaida. Na ruga ɗaki na zazzage fayil ɗin roba, na samo fom ɗin kwasa-kwasan 2021 da hannun mutum uku a kai, da katin jarrabawa inda mai sa ido ya sa hannu a gaban kwas ɗin. Na rubuta takardar koke zuwa ga daraktan kwasa-kwasan gama-gari ta hannun shugaban sashe, na haɗa kofe, na riƙe nawa kofen da hatimin karɓa. Sati shida ina sintiri. Ƙarshe aka gano laifina ne, lamba ɗaya na cike ba daidai ba a takardar amsa, makina yana nan ba mai shi. Aka mayar min da C. Wata 'yar ajinmu mai irin matsalata da ba ta da ko takarda ɗaya sai da ta sake kwas ɗin.

Furojet, wato binciken da ɗalibi ke rubutawa a shekarar ƙarshe, shi ne inda na ji daɗin karatun, kuma inda na fi shan wuya. Kowa ya kai taken bincike uku, sashe ya zaɓi ɗaya ya ba shi sufabaiza. Nawa ya faɗa kan adashe tsakanin matan aure a garinmu. Doktar da aka ba ni a matsayin sufabaiza ta karanta babi na ɗaya ta cika shi da jan biro, ta ce gari guda ya fi ƙarfina, in tsaya a unguwa ɗaya. Sau huɗu na sake babi na ɗaya zuwa na uku kafin ta sa hannu. Da taimakon mai unguwa muka ƙiyasta matan aure kusan 300, na yi amfani da ƙa'idar lissafi ta Taro Yamane ta fitar da samfuri, wato yawan waɗanda za a yi wa tambayoyi a cikinsu, ta ba ni 171. Na karɓi takardar gabatarwa daga sashe, na je na durƙusa gaban mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, karatu ne ya kawo ni." Ya haɗa ni da wani yaronsa. Abin da ba a koya mana a aji ba shi ne, ni namiji ne baligi, iyakata zaure. Gida na farko ma "Ba Shiga" ke rubuce da gawayi a bango. Dole na roƙi Yaya, wadda ke koyarwa a firamare, ta riƙa shiga, ni ina zaune a waje da maigida muna hira. Tambayoyin da Turanci na tsara su, da zaɓin nan biyar daga amincewa ƙwarai zuwa ƙin amincewa ƙwarai. Yaya ta fito daga gida na uku tana dariya ta ce, "Kai, Gwaggon nan duk abin da na tambaya sai ta ce 'to, haka ne dai'. Wanne zan cike?" Muka zauna dare guda muka mayar da tambayoyin Hausar da mutum zai amsa: hannu nawa kike zubi, duk kwana nawa, me kika yi da kwasarki ta ƙarshe, an taɓa cinye miki? Rana ta biyu kuma labari ya zaga cewa masu rabon tallafi sun zo ɗaukar sunaye, mata suka riƙa aiko yara da katin zaɓe. Sai da mai unguwa ya sa aka yi bayani a masallaci bayan magariba.

Wata uwar adashe, tsohuwa ce, ta yarda na shiga har tsakar gida na gaishe ta. Tana riƙe da zubin mata fiye da ashirin, ba ta da littafi, layuka take ja da gawayi a bayan ƙofar ɗakinta. Na ce, "Hajiya, in wata ta kwasa ta ƙi zubi fa?" Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, da wane ido za ta shiga gidan biki?" Wannan amsar ita ce ƙashin bayan babi na huɗu da na biyar, kuma ta fi duk teburan da na fitar da manhajar ƙididdiga ta SPSS bayyana abin da littattafai ke kira jarin zumunci. Takardu 158 suka dawo a cike. Buga tambayoyi, abin hasafin Yaya, shigar da bayanai, bugawa da ɗaure kofe huɗu masu baƙar bango sun ci min sama da dubu arba'in. Akwai masu sayar da furojet gamamme a bakin ƙofar makaranta, wasu sun saya, amma ranar difens, wato ranar kare bincike a gaban malamai, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya tambayi wani yadda ya samo yawan samfurinsa, ya tsaya yana kallon silin. Ni minti goma sha biyu na yi, tambaya uku, na samu A.

Bayan jarrabawar ƙarshe a ƙarshen 2024 sai jiran majalisar jami'a ta amince da sakamako, wata uku. Na fita da 3.46. Mataki na biyu mai daraja ta sama daga 3.50 yake farawa, ka ga 0.04 ya raba ni da shi, kuma na san sarai ajin ƙarfe bakwai ɗin da na bar makin nan a ciki. Kiliyarans, wato zagayen ofisoshi ana sa hannu cewa ba a bin ka komai, ya ɗauke ni kwana huɗu: sashe, tsangaya, laburare, asibiti, ɗakin kwana, ofishin harkokin ɗalibai, ofishin kuɗi. Ofishin kuɗi suka nemi rasit na kowace shekara tun daga 2020, na zaro su a jere. A wurin shiga hidimar ƙasa kuma sunanka sai ya kasance a jerin da jami'a ta tura, kuma a jerin JAMB na waɗanda aka ɗauka bisa ƙa'ida, da kwas iri ɗaya. Wasu 'yan ajinmu da suka canza kwas a cikin gida ba tare da an gyara a can ba sun rasa rukunin farko suna gyara. Tawa takardar ta 2019 Soshiyoloji ta ce, na wuce. Inda na maƙale shi ne suna, wata takarda Mohammed, wata Muhammad. Na yi takardar rantsuwa a kotu na kai ofishin harkokin ɗalibai, ya ci min sati biyu. Wanda ke aji ɗaya yanzu ya jera takardunsa a tabarma ya duba harafi-harafi da ranar haihuwa, gyaran ya fi sauƙi tun ba a matse ba. Ya kuma riƙa zuwa wurin kodinata duk ƙarshen zango ya ga sakamakonsa da idonsa, kada ya dogara da hoton da aka turo a WhatsApp.

Game da tambayar Baba, yayyenmu da suka gama suna ma'aikatun jin daɗin jama'a, hukumar gidajen gyaran hali, 'yan sanda, shige da fice, ƙungiyoyin agaji, wasu sun ƙara difilomar koyarwa suna aji, wasu kuma suna gida suna nema, ba zan ɓoye ba. Ni yanzu ina hidimar ƙasa, ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandare, alawus ɗin naira 77,000. A hutun da ya wuce wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin tattara bayanai na kwana goma a ƙauyuka. Ba su tambayi matakin digirina ba. Sun tambaya ko na taɓa shiga gida-gida da tambayoyi, ko na iya manhajar tattara bayanai ta KoboCollect a waya, ko zan iya mayar da tambaya Hausa ba tare da ta canza ma'ana ba. Na farko da na uku adashen unguwarmu ya koya min, na biyun a dare ɗaya na koya a wurin wani abokin hidima. Takardar digirin ta asali har yanzu ban karɓo ba, ta wucin gadi nake amfani da ita. An ce in zan je in taho da fom ɗin kiliyarans na asali da katin ɗalibi, duka biyun suna cikin fayil ɗin roba a ƙasan akwatina.